Kuɗin Cinya da Kuɗin Kujera

Jama'a, ni dai na taɓa zuwa Legas ba tare da na yi niyya ba. Rakiya na yi, rakiyar ta zarce da ni. Na sauka a birnin da takalmin roba da mayafi ɗaya, ba jaka, ba kayan canji, ga ɗan mutane a cinyata yana ta tsala kuka. Duk wanda na ba labarin nan sai ya yi dariya, ni ma yanzu dariyar nake yi. Amma a ranar, wallahi, ban ga abin dariya ba.

Cikin damunar 2023 ne. Ƙanwata da ke aure a Tsafe za ta bi mijinta da ke aiki a Legas, ta yi masa wata uku ta dawo. Allah Ya ba ta kwanika, tana da yaro mai wata 22 da jaririya mai wata biyar. Mijin ya ce ba zai yarda ta yi wannan doguwar tafiya a mota da yara biyu ba, ya turo kuɗin jirgi. Wani ɗan ƙanin mijinta, irin yaran nan da ake cewa sun iya waya, shi ya sayi tikitin ta intanet: babba ɗaya, jariri ɗaya. Da aka tambaye shi ɗayan yaron fa, sai ya ce ai na'urar ta ƙi karɓar jarirai biyu, kuma ba komai, in an je can za a gyara. Ƙanwata ma ba ta damu ba, domin a lissafinta abin a fili yake. Ɗaya a baya, ɗaya a cinya, kamar yadda take yi kullum in za ta zo Gusau ko ta wuce Bunguɗu gaida Innarmu.

Na kwana a Tsafe, muka yi sammako a motar shata. Yankara, Sheme, Funtuwa, har muka isa filin jirgin da za ta tashi a wata jiha. Muka bi layi, muka iso gaban kanta. Yarinyar da ke duba tikiti ta dubi na'urarta, ta dubi ƙanwata, ta leƙa bayanta ta ga goyo, ta dubi wanda ke riƙe da gefen zaninta. Sai ta ce, "Hajiya, yaran nan duka naki ne? Duka ba su kai shekara biyu ba?" Ƙanwata ta ce e, har da ɗan murmushinta, tana zaton rangwame zai ƙaru. Yarinyar ta ce, "To sai dai haƙuri. Babba ɗaya jariri ɗaya yake ɗauka. Na biyun sai da wani babban, ko kuwa a saya masa kujera a zo da irin kujerar yara da ake ɗaurawa a mota, wadda kamfani ya amince da ita."

Mu da muka fito daga Tsafe da asuba, ina muka ga kujerar yara ta mota? Na yi magiya, na yi faɗa, na kawo batun marainiya da batun nisan hanya, har na ce a kira mini babbansu. Babban ya zo, mutum mai ladabi, ya maimaita abin da yarinyar ta faɗa. Ƙanwata ta juyo idonta ya kawo ruwa ta ce, "Yaya, yanzu komawa za mu yi ta hanyar nan?" Abin da ya karya mini zuciya ke nan. Na buga wa maigidana waya, na buga wa mijinta, aka harhaɗa kuɗi, na sayi tikitin ranar da tsadarsa, aka rubuta yaron a kaina. Ka ji yadda na je Legas.

Na daɗe ina jin haushin wannan kamfani. A zuciyata na yanke cewa dabara ce kawai ta tatsar talaka. Daga baya, da na zauna na bi diddigin abin, sai na ga ba haka ba ne, kuma abin da na gano ya fi haushin nawa tayar da hankali. Shi nake so mu tattauna, musamman da yake a watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na Gusau. Filin jirgi a ƙofar gida na nufin mata da yawa da ba su taɓa shiga jirgi ba za su tsaya gaban irin wannan kanta da goyonsu. A littattafanmu na soyayya kuwa, Alhaji da amarya kan ɗaga zuwa Dubai kamar masu hawa acaɓa, ban taɓa karanta inda aka tsayar da tauraruwar labari saboda takardar haihuwar ɗanta ba.

Bari mu fara da yadda kamfanonin jirgi suke raba mutane. A wurinsu mutum iri uku ne. Jariri shi ne wanda bai cika shekara biyu ba. Yaro shi ne daga shekara biyu har zuwa ranar da zai cika 12. Daga 12 ya zama babba a wajen biya, ko da kuwa a gida har yanzu ana yi masa wanka. Jariri ba a ba shi kujera, a cinyar babba yake tafiya, kuma abin da aka fi sani shi ne a biya masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Yaro dole a ba shi kujerarsa. A tafiyar ƙasashen waje kamfanoni da yawa kan caje shi wajen kashi 75 cikin 100, a cikin gida kuwa kowane kamfani da tsarinsa, wani ya rage, wani ragin nasa bai taka kara ya karya ba. A ce tikitin babba naira 150,000 ne. Jiya yaronki naira 15,000 ne, yau da ya cika shekara biyu ya haura naira 100,000. Yaron bai ƙara ko tsawon ɗan yatsa ba tsakanin jiya da yau.

Kuma ranar tafiya ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba. Nan ne muka sake faɗawa rami na biyu, domin kafin ƙanwata ta gama wata ukunta yaron ya cika biyu a Legas. Ya tafi a matsayin jariri, dole ya dawo a matsayin mai kujera. Da na gaya wa Innarmu a Bunguɗu sai ta riƙe baki ta ce, "Mi kic ce? Wanga yaro da ko yaye shi ba a gama ba shi za a saye ma kujera kamar wani hakimi?" Maganar Inna ta sa na lura da wani abu. Shekara biyun da kamfanin jirgi ya yanke ta zo kusan daidai da lokacin yaye a wurinmu. Kamar dai sun ce muddin yaro na jikin uwarsa, shi da ita abu ɗaya ne, ranar da ya rabu da nono ya zama mutum mai cin gashin kansa, ya biya. Sai dai su da kalandar Bature suke ƙirga. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka yaron da kakarsa ta ce ya ga watan haihuwarsa sau biyu ya cika, a wurin kamfani yana da sauran kamar sati uku yana jariri. Wanda ke shirin Umara da ƙaramin yaro ya riƙe wannan lissafi, zai iya yi masa rana.

Ita ma ranar haihuwar ba da baki ake faɗinta ba. Za a iya neman takardar haihuwa, ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, in kuma tafiyar waje ce jariri ko na sati uku ne sai da fasfonsa da bizarsa shi kaɗai. Mu kuwa yara nawa ne aka haifa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a ɗakin uwa, ungozoma ta yanke cibiya, aka yi suna, shi ke nan? In aka tambayi shekarunsu sai a ce an haife shi ana girbin gero, ko bayan Babbar Sallah da sati biyu. Yaron ƙauye mai ƙoshi kan yi kama da ɗan shekara uku alhali bai kai biyu ba, wanda tamowa ta taɓa kuma kan yi kama da jariri alhali ya wuce uku. Ma'aikacin kanta ba boka ba ne. In ba takarda, abin da idonsa ya gani da shi zai yi aiki, uwa kuma ta biya.

Yanzu ga dalilin da ya sa aka hana ƙanwata ɗaukar biyu. A saman kowane layin kujeru akwai abin shaƙar iska da ke faɗowa idan iskar cikin jirgi ta zube. An ƙirga su, kuma a yawancin jirage rarar guda ɗaya ce tak a kan adadin kujerun wannan ɓangaren layin. Wannan rarar ita ce ta jariri. Shi ya sa ko mata biyu masu goyo sau da yawa ba a barinsu su zauna a jere, sai a raba su. Sannan idan aka ce kowa ya fita da gaggawa, ana gwada jirage ne a kan a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90. Mace ɗaya, hayaƙi ya cika wuri, yara biyu da ba mai iya gudu a cikinsu, wa za ta ɗauka wa za ta bari? Da na yi wa kaina wannan tambaya sai na ji kunyar faɗan da na yi wa yarinyar nan ta kanta. Goyon ma da muke taƙama da shi, a jirgi ba a barinki da shi lokacin tashi da sauka. Za a sa ki kwance majanyi ki juyo da yaro gabanki, domin in jirgi ya yi burki mai ƙarfi nauyinki gaba ɗaya a kansa zai sauka. Haka nan ba a zaunar da mai jariri a layin ƙofar gaggawa, duk da shi ne layin da ya fi wurin miƙe ƙafa.

Har zuwa nan ina tare da kamfanonin jirgi. Inda hankalina ya tashi shi ne da na gane cewa cinyar ma da aka yarda da ita ba don tana da aminci aka yarda ba. Kujerun jiragen zamani ana gwada su ne a kan su jure fizga mai ninka nauyin mutum sau 16. Yaro mai kilo 10, a irin wannan fizga, ya koma kilo 160 ke nan, ya fi buhun siminti uku. Wace uwa ce za ta riƙe buhun siminti uku da hannu biyu, komai son da take wa ɗanta? A cikin jirgi ana ɗaure akwati, ana kulle keken abinci, ana ɗaure tukunyar shayi. Jariri ne kaɗai aka bar wa hannun uwarsa. A Turai da ƙasashe da yawa ana ba uwa wani ɗan ƙaramin bel da za ta zura cikin nata ta ɗaure yaron, ni ma shi aka ba ni ranar. Amurka kuwa ta hana amfani da wannan bel ɗin, saboda gwaje-gwajensu sun nuna yana iya danne cikin yaro, jikin uwar kuma ya naɗe a kansa. Ka ga abu ɗaya, wata ƙasa ta wajabta, wata ta haramta.

A ranar 19 ga Yulin 1989 wani jirgin kamfanin United, ƙirar DC-10, ya yi saukar gaggawa a garin Sioux City na jihar Iowa a Amurka, ya kife ya kama da wuta. Mutum 296 ke ciki, 112 suka rasu. Akwai jarirai huɗu a cinya, kuma bisa ƙa'idar wancan lokaci ma'aikatan jirgin sun umarci iyayensu su kwantar da su a ƙasa su danne su da hannu. Ɗaya daga cikin yaran ya kuɓuce wa uwarsa, ya rasu. Watansa 22, daidai da yaron da na riƙe zuwa Legas. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, ta haɗu da uwar a wajen tarkacen jirgin tana ƙoƙarin komawa cikin wuta, uwar ta tuna mata cewa ita ce ta ce a ajiye shi a ƙasa. Matar nan ta shafe shekaru masu yawa bayan haka tana bin 'yan majalisa da hukumomi a kan a wajabta wa kowane jariri kujerarsa. Sai ga shi a ranar 5 ga Janairun 2024 wani sashe na jikin jirgin Alaska Airlines ya ɓalle a sama jim kaɗan bayan tashinsa daga Portland, iska ta fizge rigar wani matashi daga jikinsa. Akwai jarirai uku a cinya a cikin jirgin. Allah Ya kiyaye.

To me ya hana a wajabta? Nan ne maganar ta iso gida. A shekarar 2005 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito ta ce ba za ta tilasta wa iyaye sayen kujerar jariri ba. Ba ta ce cinya na da aminci ba, har gobe tana ba iyaye shawarar su sayi kujerar. Hujjarta ita ce in tikiti ya yi tsada, iyalai da yawa za su haƙura da jirgi su shiga mota, mota kuwa ta fi jirgi kisa nesa ba kusa ba. Wani bincike da likitoci suka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa dokar ba za ta ceci ko yaro ɗaya cikakke a shekara ba a haɗarin jirgi, kuma in kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na iyalan suka koma hanya, waɗanda za a rasa a mota za su fi waɗanda aka ceta. Wato kuɗin cinya ciniki ne aka yi da mutuwa, aka zaɓi wadda ta fi sauƙi.

Mai karatu, wannan fa lissafin hanyoyin Amurka ne, inda kowane jariri ke ɗaure a kujerarsa ta mota, ba rami, ba mai tare hanya. Yanzu ɗauko wannan lissafi ka aza shi a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ka wuce dutsen Kwatarkwashi, ka shiga Tsafe, ka doshi Yankara, kowa a motar ya yi tsit, direba na kallon motocin da ke tahowa daga gaba, in ya ga an daɗe ba wadda ta gifta sai ya rage gudu, gaban kowa na faɗuwa. Ko ka aza shi a kan hanyar Sakkwato, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara, wadda alhazan Zamfara suka yi shekara da shekaru suna bi kafin su ga jirgin da zai kai su Saudiyya. Abin ya kai a watan Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta hana zirga-zirgar dare a kan iyakokinta da Katsina da Sakkwato. Idan Ba'amurke ya yarda a bar jariri a cinya don kada uwarsa ta bi lafiyayyar hanya, mu me ya kamata mu yi don kada uwa ta bi tamu?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Wata ƙawata malamar makaranta ta ce, "Ke ma dai da neman magana. Mutanen da ke neman na tuwon dare ne za ki dama da kuɗin kujerar jirgi?" Tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Tun a watan Fabrairun 2022 da kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 jirgi ya ƙara nisa da talaka, bayan nan kuma sai abin da ya yi gaba. Amma masu kuɗin gaske ba su ne wannan magana ta shafa ba, su ko kujera goma ce za su saya ba su ji ba. Wanda ta shafa shi ne na tsakiya: ma'aikacin da iyalinsa ke gida shi yana kudu, matar da aka tura ɗanta ganin likitan zuciya a Abuja, mai adashin da ta tara na Umara shekara uku. Su ne waɗanda kuɗin yaro ɗaya ke sa su ce a bar jirgin, a je tasha. Kuma mu ba masu ɗa ɗaya ko biyu ba ne. Tsarin nan an zana shi ne da iyalin Bature a zuciya, miji da mata da yara biyu masu tazara. Ba a zana shi da mai tagwaye da mijinta ke nesa ba, ba a zana shi da mai kwanika ba, ba a zana shi da matar da ke da huɗu 'yan ƙasa da shekara bakwai ba.

Saboda haka ni ra'ayina, dokar babba ɗaya jariri ɗaya a bar ta yadda take, na sha wuyarta amma na yarda da ita. Kuɗin cinya ma a bar shi, duk da na san abin da na sani game da cinya, wanda ke da hali ya sayi kujera ya nemi ta ɗaurawa, wanda ba shi da hali kada a kore shi zuwa hanyar Yankara. Inda nake da ƙorafi shi ne tsallen nan daga kashi 10 zuwa kusan cikakken kuɗi a dare ɗaya. Duk kamfanin da ke son ɗaukar mutanen Zamfara, kuma duk gwamnatin da za ta zauna da shi a kan sharuɗɗan sauka a Gusau, ya kamata ragin kuɗin yara ya shiga cikin maganar tun farko, a rubuce. Jihar da ta iya kashe biliyoyi a kan titin saukar jirgi, ba ta rasa bakin da za ta nemi wannan ba. Kuma a ajiye 'yan kujerun ɗaurawa ko guda biyar a filin jirgi ana ba da aro ko haya. Da akwai guda ɗaya a ranar, da ban je Legas da takalmin roba ba.

Sai batun wurin zama, wanda shi ma na gani da idona. A dawowar ƙanwata, da yaron ya zama mai kujera, sai na'ura ta jefa shi layi shida a bayan uwarsa, tsakanin wasu maza biyu da bai taɓa gani ba. Ɗan shekara biyu da wata ɗaya! Sai da ta tsaya a tsakiyar jirgi da jaririya a hannu tana roƙon mutane, wani dattijo ya tausaya ya tashi ya ba ta wuri. Roƙo bai kamata ya shigo nan ba. A Kanada tun 2019 doka ta ce yaron da bai kai shekara biyar ba dole a zaunar da shi a kujerar da ke manne da ta mahaifinsa ko mai kula da shi, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Indiya ma a watan Afrilun 2024 ta umarci kamfanoninta su zaunar da duk yaron da bai wuce 12 ba kusa da ɗaya daga cikin iyayensa. Ba wani abu mai wuya ba ne, na'urar da ta san ranar haihuwar yaro lokacin karɓar kuɗi ba ta manta da ita lokacin raba kujeru. In iskar nan ta faɗo daga sama, wa zai sa wa yaron nan a hanci, baƙon da ke kokawa da tasa?

Kuma don Allah a rubuta waɗannan ƙa'idoji da Hausa. Duk abin da ya same mu yana rubuce a shafin kamfanin, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a can ƙasa inda ba mai zuwa. Takarda ɗaya ta isa, a manna a ofishin sayar da tikiti, a karanta a rediyo: jaririn da bai yi sati ɗaya ko biyu ba yawancin kamfanoni ba su ɗaukarsa sai da takardar likita, mai ciki daga sati 28 ta nemi takarda, bayan sati 36 ta haƙura, a ba yaro nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiya ce ke buɗe masa kunne. Wannan na ƙarshen da na san shi da na huta, domin kukan da ɗan ƙanwata ya yi mini tun daga sama har ƙasa ashe kunnensa ne ke ciwo, ni kuwa ina ta jijjiga shi ina ba mutane haƙuri. Wani mai kwat a gefena sai tsaki yake yi yana duba agogo, kamar shi da gemunsa aka haife shi.

Mu ma iyaye muna da namu. Na ji masu alfahari da cewa sun rage wa yaro shekara sun wuce da shi a cinya, ɗan shekara uku an naɗe shi cikin hijabi an ce wata 20 gare shi. Kuɗin da aka tsira da shi ban raina shi ba, na san zafinsa. Amma yaron nan ya fi kilo 13, bel ɗin jarirai ba don irinsa aka yi ba, kuma in an gano a kanta cikakken kuɗin ranar za a biya, ko jirgi ya tashi ya bar mutum. Takardar haihuwa kuwa a je a karɓa tun yaro na cikin zanin goyo, kada a jira sai ana gobe tafiya.

Ranar da suka dawo ni na je tarbo su. Wannan karon kuɗin shata bai samu ba, tasha muka shiga, muka sami wata Golf mai zuwa Gusau. Huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, but ɗin a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhuna. Ɗan kamasho ya dubi yaran ya ce, "Hajiya, waɗannan ai ba su da kuɗi, a ɗora su a cinya." Ƙanwata ta rungume jaririyar, ni na ɗauki yaron, wata baiwar Allah kusa da ni tana da uku, ɗaya a cinya, ɗaya tsaye tsakanin ƙafafunta, ɗaya a kan cinyar wani almajiri da ba ta san shi ba. Direba ya yi bisimilla ya taka, yana son ya wuce Yankara kafin la'asar ta yi sanyi.

Mun ɗan yi nisa sai na ji yaron yana laluben gefen cinyata, ya leƙa nan ya leƙa can. Na ce, "Me kake nema?" Ya kama cikinsa da hannu biyu, ya haɗa su kamar yadda ya ga ma'aikaciyar jirgi ta yi masa da safe, ya dube ni yana jira in ɗaure shi.